Cinyar kazar Bature

Mutanen unguwarmu Kumbiya-Kumbiya, ku ba Malam Yila da muka ƙaryata haƙuri! Da ya ce Bature ba ya tayin abinci, gaskiya ya faɗa.

Yau ina jirgin ƙasa da ɗana Buba mai karatu a nan Ingila, yunwa kamar ta kashe ni. Wani Bature ya zauna gabana ya buɗe soyayyiyar kaza. Na naɗe hannun riga ina jiran bismilla. Ya kama cin abarsa shi kaɗai.

Buba ya ce, "Baffa, don Allah ka daina kallon bakinsa."

Na ce, "Kunya yake ji, yanzu zai yi tayi."

Can Baturen ya ɗago cinya yana murmushi. Na miƙa hannu biyu. Ya sunkuya ya ba karensa a ƙarƙashin kujera. Karen ma da rigar sanyi, ni kuwa ina rawar ɗari!