Ni Ne Na Raba Sadi Da Hanya

Da saukar ruwan farko na bana ƙanina Sadi ya cika shekara tara a ƙasa, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara sai in ɗauki biro zan yi rubutu a kansa, in sake ajiyewa. Ba yabonsa ne ya gagare ni ba, wannan kowa ya yi masa. Laifi na yi masa, har yau ban san ko ya yafe mini ba, kuma na gaji da riƙe maganar ni kaɗai.

Duk wanda ya kwana biyu a Wudil ya san Sadi Mai Keke. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa. Da rani ba ka samunsa sai a bakin kogi, hannu duƙun-duƙun da baƙin mai, masu lambu wannan ya ja shi nan, wancan ya ja shi can. Ruwan sama na sauka, injuna suka shiga ɗaki, shi ke nan shi ma aiki ya ƙare, sai hanya. Ya ɗaure buta da famfo da kayan faci da ƙullin ƙuli-ƙuli a kariyar kekensa, ya ɗare. Ka ce masa ina zuwa, ya ce, "Gaba kaɗan." Gaba kaɗan ɗin nan ta kai shi Birnin Kudu, ta kai shi Ningi, ta kai shi Azare, wata shekarar har Potiskum. Shi kaɗai, ba abokin tafiya, ba kayan sayarwa, ba wanda ya aike shi.

In ya dawo ya zauna ba da labari, sai ka rantse daga Makka yake. Wai kwalta da tsakar rana takan dafa ƙafar mutum ta cikin takalmi, tirela in ta wuce iskarta kaɗai ta isa ta jefa ka rami. Burji kuwa bayan ruwa, jar laka ta cushe taya har sai ka sauka ka kankare da kara, ka hau, ka yi taku kaɗan, ka sake sauka. Ruwa ya taɓa dukansa tun hantsi har la'asar bai fake ba. Duk wannan azaba yana faɗa yana dariya, idonsa na ƙyalli.

Ni kuwa lokacin ina hedimasta, ina ji da kaina. A wurinmu magidanci ba ya tafiya haka kawai. Ko ciniki, ko zumunci, ko ta'aziyya, ko neman magani. Wanda ya fita ba ɗaya daga cikin waɗannan, to a bincika lafiyarsa. In na zauna a majalisa sai wani ya karkace hula ya ce, "Hedimasta, ƙanin nan naka dai a nema masa tofi, anya ba iska ba ce?" A kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Na daɗe ina gaya wa mutane tsoron kada ya mutu a hanya ne ya dame ni. Akwai tsoron, ba na musu. Amma kunya ta fi yawa.

Wata damina ya yi kwana tara ba labari, wayarsa ta sha ruwa ta mutu. Ya dawo ta wajen Dagumawa yana tura keken da hannu, gwiwa a fashe, zazzaɓi na kaɗa shi. Ruwa ne ya yanke burji ya faɗa ciki. A makon nan na tafi wurin mahaifiyarmu, Inna.

Ita fa abin bai dame ta ba. Cewa ta yi, "Ƙyale shi, wannan tun yana ciki yake shure-shure." Kwana uku ina yi mata zarya. Na kawo mata zancen 'yan fashi, na kawo mata tirela, na kawo mata marayun da zai bari. Da na ga ta yi laushi sai na sa mata maganar a baki. Na ce, "Ba sai kin nufa har zuci ba, Inna. Tsorata shi kawai za ki yi. Damina na wucewa sai ki janye."

Ta sa aka kira shi, ya durƙusa. Ta ce, "Sadi, in ka sake fita garin nan a kan keke, ban yafe maka ba." Ya ɗago ya dube ta, ya sunkuya, ya ce, "To, Inna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Damina ta wuce ban tuna mata ba. Kai, bari in daina ƙarya, ina sane. Majalisa ta sarara mini, ina jin daɗin hutun, na ce bari a ƙara wata guda. Ana tsakiyar yankan dawa Inna ta faɗi a tsakar gida, kwana biyu ba ta magana, Allah Ya karɓi abarsa. Ta tafi ba ta janye ba.

Shekara shida Sadi ya yi bayanta, kuma bai daina hawa keke ba, nan ne abin yake ci mini rai. Ya taka har bakin gada, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya kalli motocin da ke hayewa, ya juyo. Ya miƙa hanyar Gaya har gidajen ƙarshe, ya tsaya, ya juyo. Ya zaga ta kara, kasuwar shanu, ya dawo gada. Cikin ruwa, cikin zafin bazara, haka yake kewaya gari kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Waɗanda da suke zargin iska yanzu suka ce ai ga ta nan ta fito fili. Na ɗauko masa malamai har biyu, suka yi masa bayani cewa nufin uwa lafiyarsa ce, ba ɗauri na har abada ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma da kunnena na ji ta, kuma ba ta ce zuwa yaushe ba." Ina zaune a wurin, ban gaya masa ni na sa mata maganar a baki ba.

Yanzu fa? Ran Asabar sai ka ga samari sun taho daga Kano a jere, hular kwano a ka, wando ya ɗame cinya, waya maƙale a gaban keke tana ƙirga musu tafiya. Ɗaliban jami'a suna ɗaukar su hoto. 'Yan majalisar nan tamu, waɗanda suka rage, su ne masu cewa, "Ka ga masu motsa jiki, Allah Ya yi albarka!" Ni kaina likita ya ce in nemi keke saboda ciwon suga. Ikon Allah! Na san da Sadi yana nan sai ya tsayar da ɗayansu, ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya ce, "Samari, ina kariya? A ina kake ɗaure buta?" Ya gama tsokanarsu, ya raka su bakin gada, ya tsaya. Ko da an shimfiɗa masa kwalta har Maiduguri, a nan zai tsaya. In hadari ya haɗo ba na iya zama a ɗaki, sai in fito in yi ta kai-kawo a ƙofar gida, iyalina suna tambayar me na rasa.

A ciwonsa na ƙarshe na same shi bayan la'asar a zaure, kwance kan tabarma, ƙafafun nan da suka san hanyar Ningi sun kumbura. Na gaya masa komai, har zaryar kwana ukun, har watan da na ƙara. Ashe bai taɓa zargi ba. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai ne, Yaya?" Na ce ni ne, ka yafe mini don Allah. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Bari in huta tukuna."

Na tashi na ba shi wuri, a raina ina cewa gobe ma rana ce. Washegari aka wuce da shi asibiti a Kano, da aka sake kwana aka dawo da gawa.

Me ya rage na Sadi? Keken an bayar sadaka, injunan da ya gyara sun yi tsatsa. Masu lambu suna tuna hannunsa, malamai suna ba da misali da shi in ana zancen biyayyar uwa, ni kuwa in na ji sai in sunkuyar da kai, don na san wanda ya ɗaura masa wannan biyayyar. Ranar sadakar uku na tambayi matarsa, Habi, ko ya bar wata magana. Ta ce kafin ya cika ya ce ya yafe wa kowa da kowa. Na ce, "Ya ambaci sunana?" Ta ce, "Yaya, cewa ya yi kowa da kowa."

Shekara tara ke nan ina tambayar kaina ko ina ciki.