Gaisuwar da Na Hana Ki, Sista

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Wanda Ya ba mu aron ki Ya karɓi abinSa. Ina cikin aji ina rubutu a allo labarin ya same ni. Mataimakin shugaban makarantarmu ne ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ka ji tsohuwar nas ɗin nan ta bayan shagon ɗinki ta rasu? Wannan mai hura hancin." Na ce Allah Ya jiƙanta, na juya na ƙarasa lissafin da na fara. Sau biyu alli yana karyewa a hannuna kafin a kaɗa ƙararrawa. Daga wurin Allah muka fito, Sista, kuma can kowa ya dosa. Riga mu kawai kika yi.

Ba kuka na zo yi a nan ba. Kukan na riga na yi shi a inda ba wanda ya gani, kamar yadda na saba yin duk abin da ya shafe ki. Rai a ɓace na ɗauki alƙalami. Ina jin haushin unguwar nan, ina jin haushin wasu daga cikin danginki, ina jin haushin mutanen da suka zauna a kujerar ɗakinki shekara da shekaru amma suka kasa leƙowa ta'aziyyarki. Wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu kuwa, ni ne.

Bari in fara sanar da waɗanda ba su san ki ba. Shekara talatin kika yi kina jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibiti. Da kika yi ritaya kowa ya ɗauka za ki zauna ki miƙe ƙafa cikin jikoki. Sai kika koma kika ƙaro karatu a kan ba da shawara, kika kama wani ɗan ɗaki a bayan shagon tela, kika ajiye kujera biyu da tebur da fulas ɗin shayi. Shekara goma sha biyu kina zaune a ɗakin nan kina sauraron mutanen da duniya ta yi wa nauyi.

Ni ban zo wurinki kai tsaye ba, sai da na sha yawo. Shekara bakwai da suka wuce, bayan na yi shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi, wata safiya na isa ƙofar aji na kasa shiga. Ƙirjina ya ɗaure, zufa ta jiƙe min riga. Barci ya ƙaurace min, abinci ya fita raina. Wata takwas na yi ina neman wanda zai gaya min abin da ya same ni. A asibiti aka auna zuciyata aka ce lafiyata ƙalau, in rage tunani, sai ka ce tunani famfo ne da ake murɗawa a kashe. Mai kemis ya ba ni ƙwayar barci, na riƙa tashi kaina kamar an ɗora masa dutse. Yayana ya zaunar da ni ya ce ƙarancin tawakkali ne, magidanci da iyali ba ya irin wannan lalaci. Har wurin wani mai talla a waya na je, wanda ya yi alkawarin mayar da ni sabon mutum cikin kwana bakwai. Ya tara mu a wani zaure, ya sa muka yi ta ihu wai mu zakuna ne, ya haɗa mu da wani garin magani. Ban zama zaki ba, gudawa kawai na samu. Kowannensu ya yanki ɓangare ɗaya a jikina ya duba, babu wanda ya tsaya ya kalli mutumin gaba ɗaya.

Telan ne ya nuna min ƙofarki. Na kai masa wando ragi, ya ɗaga shi ya dube ni ya ce, "Malam, karo na biyu ke nan ina rage wandon nan. Akwai wata a bayan shagona, ba allura take yi ba, magana take ji." Ban so ba, amma na gaji.

Ɗakinki ƙofa biyu gare shi. Ta cikin shagon ɗinki ake shiga, don duk wanda ya gan ka ya zaci ɗinki ka kawo, sannan a fita ta lungu. Ranar farko na zauna ina jiran ki tambaye ni ko ina jin muryoyi. Sai kika zuba min shayi kika tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, me na ci tun safe, yaushe rabona da tafiya a ƙafa, yaya nake ji idan na tsaya salla, kuma wa nake gaya wa damuwata. A kan tambayar ƙarshen nan na buɗe baki, hawaye suka riga magana fitowa, kika kau da kai kina gyara murfin fulas har na gama.

Ba ki taɓa raina addu'a ba, ba ki kuma taɓa raina magani ba. Da kika ga akwai buƙata, ke kika rubuta min takarda zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa, kika ce in sha abin da ya ba ni, in ci gaba da roƙon Allah, domin biyun ba sa faɗa da juna. Kin kira matata kin zauna da ita, kin fahimtar da ita cewa ba ita na tsana ba. Kin sa ni zagaya filin makaranta kowace yamma. Ban manta wata Asabar ba, da kika ce in je in tsaya a ƙofar ajin nan lokacin da ba kowa. Kika biyo ni da lemarki, kika tsaya can ƙarshen fili kamar mai jiran wani. Ranar taku ɗaya na yi cikin ajin na fito. Mako na gaba na kai wurin allo. Kafin zangon karatu ya ƙare na koma aikina, kuma tun daga lokacin ban sake ɗaga wa ɗan wani bulala ba, don a ɗakinki na gane cewa yawancin dukan da nake yi tsorona nake hucewa a kansu.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu. A ranar farkon nan, kafin in fita, kin ce da ni, "Malam, akwai doka ɗaya. Idan mun haɗu a hanya ba zan gaishe ka ba. Gaisuwar tana hannunka. In ka yi min zan amsa, in ka wuce ban gan ka ba."

Na ɗauka ni kaɗai abin ya shafa. Sai daga baya na gane girman abin da kika ɗora wa kanki. Da a ce kina gaishe da kowa kina tsallake masu zuwa wurinki, da cikin wata ɗaya unguwa ta gano mu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kika daina fara gaishe da kowa. Mai kanti, mai wanki, matar maƙwabci, duk sai dai su fara ki amsa. Tsofaffin abokan aikinki sun shaide ki da faram-faram, sun ce a asibiti tun daga bakin ƙofa ake jin muryarki kina tambayar mai shara lafiyar 'ya'yanta. Wannan matar ce ta ɗinke bakinta shekara goma sha biyu don ta rufa mana asiri. Sakayyar da unguwa ta yi miki ita ce ta sa miki suna mai girman kai. Aka ce boko ya hau miki kai, aka ce zama da masu taɓin hankali ya taɓa ki. Kina ji, ba ki taɓa wanke kanki ba, don wanke kanki tona mu ne.

Ni fa? Shekara bakwai muna haɗuwa a tasha, a kasuwa, a bakin titi, ban taɓa ce miki sannu ba. Akwai ranar da muke tsaye da abokan aikina kika zo wucewa da lemarki. Ɗaya ya ce, "Ga likitar mahaukata nan, ko sallama ba ta iya ba." Suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da ranar zuwana ta zagayo na shigo kaina a ƙasa, ina ta laluben yadda zan ba ki haƙuri. Kika riga ni. Kika ce, "Na ji dariyarka rannan, Malam. Ta fito sosai. Wata uku da suka wuce ba ka iya ta ba." Kika miƙo min kofi. Da zagina kika yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Alhamis na je gidanki ta'aziyya. Na zaci zan rasa wurin zama. Na tarar da kujerun da aka jera rabinsu ba kowa. Ƙaninki yana gefe yana gaya wa wani baƙo, ba tare da ya ko rage murya ba, cewa sun yi sun yi ki bar wannan aikin banza kin ƙi, kin ƙarar da tsufanki wajen sauraron shirme. Wata a bayana ta ce Allah Ya jiƙanta, amma dai ba ta da gaisuwa. A gidanki, Sista, ƙasar kabarinki ko bushewa ba ta yi ba!

Autarki ce ta kawo min ruwa, idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta ce, "Baba, a ina ka san Mama?"

Na ce, "A unguwa ne kawai, muna haɗuwa a hanya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kowa haka yake cewa. Ta bar wasiyya in ƙona littattafan da take rubutu a ciki, na ƙona jiya, ban buɗe ko ɗaya ba. Shekara goma sha biyu, Baba, amma ko mutum ɗaya bai zo ya ce ta taimake shi ba. Anya maganar kawu ba gaskiya ba ce?"

Na shanye ruwan, na ce ta yi haƙuri, na sa takalmina na fita. Yarinya ta rasa uwa tana neman shaida ɗaya tak cewa rayuwar uwarta ba ta tafi a banza ba, shaidar tana zaune a gabanta da kofi a hannu, ta tashi ta tafi. Tun ranar ban sami sukuni ba.

Ina magana da ku yanzu, ku da kuka san kanku. Ƙofa biyu ba ta hana a hango ƙeyar mutum wata rana ba, na san wasu daga cikinku, kun san ni. Akwai wanda ya wuce ta ƙofar gidan makokin da motarsa bai ko rage gudu ba. Akwai wadda aurenta yake tsaye yau saboda zaman da ta yi a ɗakin nan. Ba zan ambaci kowa ba. Abin da Sista ta riƙe har kabari ba ni zan zubar ba, kuma asirin kowa nasa ne. Amma ku gaya min, wace irin kunya ce wannan? Mutum ya karye a ƙafa, sai ya yi ta yabon mai ɗori a duk inda ya zauna. Mai ciwon suga yana faɗin sunan likitansa a bainar jama'a. Mu da aka ɗora mana zuciya, mun gwammace a ci mutuncin wadda ta ɗora ta a gabanmu da a ce an taɓa ganin mu a ƙofarta. Ba sai kun yi shela ba. Gidan yana nan, yarinyar tana nan, ku je ku gaya mata a kunne.

Ni dai na gama ɓuya. Auta, ki ji da kyau. Ni ne mutumin nan mai farin gilashi da ya zauna kusa da ƙofa ranar Alhamis ya yi miki ƙarya. Ni ne malamin lissafi na babbar makarantar unguwa, duk wanda ya bi ta ajina ya san ni, shugabana da abokan aikina da yayana duk za su karanta wannan. Na yi ciwon damuwa da firgici, na kusa rasa aikina da gidana, mahaifiyarki ce Allah Ya sa ta tsamo ni. Shekara biyu ina zama a kujerar ɗakinta. Kawunki bai faɗi gaskiya ba. Duk yaron da na koyar a shekarun nan ba tare da na dake shi ba, yana da rabo a aikin uwarki. Rashin gaisuwar da ake yi mata gori da shi kuwa, mu ta saya wa sutura da shi. Gobe bayan an tashi daga makaranta zan zo in maimaita miki wannan baki da baki, a gaban kawun naki.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki da yayyenki, da jikokinta, da abokan aikinta na asibiti, da telan da ya tsare mata ƙofa shekara goma sha biyu bai taɓa sakin baki ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sanyaya zukatanku, Ya tsaya muku a inda take tsaya muku.

Ke kuma Sista, kin ce gaisuwar tana hannuna. Na riƙe ta shekara bakwai, yau na kawo ta a lokacin da ba za ki iya amsawa ba. Sannu, Sista. Sannu da aiki. Ki yafe min.

Ya Allah Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri kamar yadda ta rufa mana. Ka karɓi shirun da ta yi a matsayin sadaka mai gudana. Kuma idan ta iso ƙofar Aljanna, ya Ubangiji, kada Ka bar ta ta jira, Ka sa mala'iku su fara gaishe ta. Amin.