Kabari na Uku a Tudun Gawo

Malam Sha'aban ya shekara talatin da ɗaya yana haƙa kabari a Tudun Gawo, wani ƙauye arewa da Ɗanbatta. Ba sana'arsa ba ce. Manomi ne kamar kowa, yana da gona biyu, ta gero a bayan gari, ta gyaɗa a gindin Dutsen Kuraye, tafiyar minti ashirin daga ƙofar gidansa. Haƙan kabarin gado ne, ya karɓe shi daga mahaifinsa tare da diga da dundurusu. In an yi rasuwa shi ake fara aika wa kafin liman. Zai yanki karan dawa, ya shiga ya auna mamacin, ya fito bai ce wa kowa komai ba, ya wuce maƙabarta. Ba a taɓa kawo gawa aka tarar da ramin ya gaza ba, ko da ɗan yatsa.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ba ya rantsuwa. Ko a kasuwa, ko a wasa. Abin da ya gani da idonsa zai ce ya gani, wanda bai tabbatar ba zai ce bai sani ba, ya tsaya a nan ko da za a wuni ana jan sa. Autarsa Aina'u, wadda ta gama sakandare a Ɗanbatta tana gida tana jiran sakamako, ta mayar da abin wasa.

"Baba, miyar nan ta yi daɗi?"

"Ta yi."

"Ka ce wallahi."

"Na ce ta yi."

"Inna, kin ji ko? Bai rantse ba. Gobe ke za ki dafa masa, ni na ajiye aiki."

"Ke, tashi ki ba ni wuri," in ji shi, yana ɓoye dariya a cikin kwanon sha.

Tun da yaƙi da 'yan bindiga ya tsananta can yamma, jiragen soja suka fara ratsa saman ƙauyen. Ana cewa masu koyon tuƙi ne, ana koya musu bi ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu. Da farko awaki kan tsinke igiya in sun ji ƙarar. Daga baya ko kaji ba sa ɗaga kai.

Wata ranar Talata ce cikin kaka. An tumɓuke gyaɗa an jera ta ta bushe, saura tsiga. Sha'aban ya tsaya gyaran rumbu, ya ce wa Aina'u ta yi gaba zuwa gonar gyaɗar zai biyo ta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jirgin ya zo daga gabas. Waɗanda suka gani sun ce fiffikensa na hagu ne ya taɓa kafaɗar dutsen, ya juya sau ɗaya, ya faɗo a gindinsa, cikin gonar Sha'aban. Harawar da ke jere a gonar ta kama nan take. Sai bayan azahar aka iya matsawa kusa.

Mai unguwa Abdulmumini ya hau tudu inda waya ke kamawa, ya kira na sama da shi. Aka ce masa an ji, ana zuwa. Ya sake kira da la'asar, aka ce ruwan ƙarshen damina ya cinye kwalbatin hanya, amma ana zuwa. Babu wanda ya ce masa kada a taɓa komai. Karnuka kuwa sun fara zagaya wurin, ungulaye sun sauka a kan dutse. A Tudun Gawo ba a barin gawa ta kwana a waje, ko ta baƙo ce, ko ta wanda ba a san sunansa ba. Liman ya dubi rana, ya dubi Sha'aban.

"Malam, a bar wa abokin haƙanka Garba da yaransa wannan. Kai ka koma gida wurin matarka Maijidda."

"Garba bai san 'yata ba kamar yadda na san ta," in ji Sha'aban. "A kawo tabarma uku."

Ya yi aikin da hannunsa. Matuƙa biyu ne a jirgin, ya gane su da takalma masu kauri da ƙarafan ɗamara. Aina'u ya gane ta da ƙanƙantar ƙashi da awarwaron ƙarfe da ke wuyan hannunta. Akwai abin da ya rage wanda ba shi da wata alama. Wannan ya raba shi bisa inda ya same shi, abin da ya fi kusa da tabarmar wane ya tafi can. Wanka bai yiwu ba, sai aka yayyafa ruwa. Mai unguwa ya ba da sabon farin yadi daga ɗakinsa aka yi wa matuƙan likkafani, aka yi salla guda a kan su ukun. Sha'aban ya haƙa rami uku a jere, ya jera itace, ya toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya sa ƙaya a kai. Kafin kiran magariba an gama. Mutane suka watse suna cewa an kyauta wa 'ya'yan mutane.

Washegari da hantsi motocin soja huɗu suka iso. Hafsan da ke gaba matashi ne, ba zai wuce shekara talatin ba, Hausarsa tas. Idanunsa sun yi ja. Daga baya aka ji cewa ɗaya daga cikin matuƙan abokinsa ne tun makaranta. Ya zagaya tarkacen, ya dawo.

"Ina mutanenmu?"

"Ranka ya daɗe, mun yi musu sutura," in ji mai unguwa. "Mun sallace su, mun rufe su kamar namu."

Marin da aka yi masa sai da hularsa ta faɗi. Aka tara mazan gari a bakin maƙabarta, aka zaunar da su a rana.

"Wa ya ba ku izini? Wa ya ce muku ma duka Musulmi ne? Kun san abin da kuka lalata? Wane ne ya taɓa su?"

Sha'aban ya miƙe. "Ni ne."

"Kai tsoho, kai ne likitan? To, da hannun da ka rufe za ka buɗe."

Aka jefa masa digarsa. Ya cire ƙayar, ya kwashe ƙasar da ba ta ko bushe ba, ya ɗaga itacen ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefe kamar yadda ya saba, don ba a wulaƙanta itacen kabari. Sojoji biyu masu safar hannu suka ɗauki na farko suka sa a baƙar jaka, suka ɗauki na biyu. Hafsan ya nuna na ukun da baki.

"Wannan fa?"

"'Yata ce. Tana gonar."

Hafsan ya dubi kabarin. Da ya sake magana muryarsa ta sauka kaɗan.

"Allah ya jiƙan ta. Ni abin da aka aiko ni shi ne in koma da mutanenmu cikakku. Ka rantse mini babu komai nasu a ramin nan, in bar maka shi. Liman, ba shi Alƙur'ani."

Liman ya aika aka ɗauko. Duk mazan da ke zaune suka zuba wa Sha'aban ido. Garba, wanda suka shekara ashirin suna haƙa tare, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, dafa mana. Ai taka ce." Sha'aban ya dubi littafin a hannun liman. Ya tuna abin nan da ya rage jiya, wanda ya raba bisa kusanci kawai.

"Abin da na gane nata ne, na sa a nan," ya ce. "Akwai wanda ban gane ba."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Akwai ko babu?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To, tona."

Ya tona. Shi ya shiga ramin ya miƙo ta, don bai yarda wani namiji ya taɓa likkafanin ba. Aka sa ta a jaka ta uku. Hafsan ya ce za a duba a asibiti, abin da yake nasa za a dawo masa da shi cikin mako guda. Bai rubuta sunanta ba, Sha'aban kuma bai san ana neman takarda a irin wannan ba.

Ya cike ramuka biyun a ranar. Na ukun ya bar shi a buɗe, ya rufa masa tsohon kwanon rufi ya danne da duwatsu. Kowace safiya yakan je ya ɗaga, ya kwashe ƙasar da ta zube, ya gyara gefen.

Mako ya wuce. A na biyu malamin firamare ya nuna masa wani abu a waya: akwati biyu lulluɓe da tuta, ana harba bindiga sama. Ya karanta masa sanarwar ya fassara. An ce jirgin horo ya faɗi a wani dutse inda babu mutane, matuƙa biyu sun rasu, ba a yi asarar rai a ƙasa ba.

Sha'aban ya shiga mota daga tashar Ɗanbatta zuwa Kano sau shida tsakanin kaka da bazara. Ya san ƙofar barikin sojan, ya san bencin da ke gefenta. An ce masa hafsan an tura shi bakin daga. An ce ya kawo wasiƙa, ya kawo, aka ce ba wannan ofishin ba ne. Wani mai gadi ya taɓa tambayarsa ko diyya yake nema, ya ce a'a, gawa yake nema, mai gadin ya yi dariya ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji. A zuwa na shida wani saje mai furfura, wanda yake cikin waɗanda suka je ƙauyen, ya gane shi. Ya ja shi gefe, bayan wata bishiyar darbejiya.

"Baba, ka daina wahalar da kanka. Jaka uku muka kai, ni na sauke su. Akwati biyu aka rufe. Babu abin da ya rage a ɗakin sanyi, na duba da kaina."

"A wanne take?"

"Ɗaya an binne shi a babban birni. Ɗayan iyayensa sun kai shi garinsu, can kudu, tafiyar kwana biyu. Wallahi ban san wanne ba. Wataƙila duka biyun. Kada ka ce ni na gaya maka."

Ya koma gida da yamma. Maijidda, matarsa, tana tsakar gida tana tankaɗe. Tun ranar tonon ba ta yi masa maganar ba, abinci kawai take ajiyewa ta wuce. Ya tsaya ya gaya mata abin da sajen ya ce, bai rage ba bai ƙara ba. Ta ajiye rariyar.

"Malam, mata ba ma zuwa maƙabarta. Ban taɓa cewa zan ga kabarinta ba. Amma da ina tsayawa a bakin katanga in fuskanci gabas in san tana can. Yanzu ina zan fuskanta?"

Ta dube shi, ta ci gaba.

"Hannu kawai aka ce ka ɗora. Da ka ɗora, ni zan yi maka azumin kaffarar, in yi har in mutu."

"Irin wannan rantsuwar ba ta da kaffara, Maijidda."

"To, ka riƙe gaskiyarka. Ita gaskiyar dai ba a saka ta a jaka ba."

Ruwan farko ya sauka bayan wata biyu. Cikin makon tsohuwa Barira, yayar mai unguwa, ta rasu. Maƙabartar Tudun Gawo ƙarama ce, gonaki sun matse ta ta kowane gefe, ɗan filin da ya rage kuwa kwari ne, ruwa ya kwanta a ciki. Mai unguwa da liman suka sami Sha'aban a zaure. Suka daɗe suna gaisuwa. Liman ne ya iya faɗa.

"Malam Sha'aban, ramin nan na tudu. Ka san dai ba za a dawo da Aina'u ba."

Sha'aban ya tashi ya yanki kara, ya shiga ya auna tsohuwar. A maƙabarta ya ture duwatsun, ya ɗage kwanon, ya sauka ya gwada. Ramin ya gaza da taƙi ɗaya. Garba ya miƙo hannu zai karɓi digar, bai ba shi ba. Ya ƙara taƙin ta wajen ƙafa, ya share ƙasan da tafin hannunsa, ya ɗago kai ya ce a kawo ta.