Littafin Injin Niƙa

Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Ollelewa, malaminmu, wanda muke kira mushe, ya ce duk yaron da ba ya karatu a gida, Faransancinsa ba zai taɓa yin ƙafa ba. Na kawo wa Baba maganar. Gidanmu kuwa ba wani rubutun boko sai na gwangwanin tumatir da kwalin shayi, su ma na haddace su tuni.

Ran kasuwar Tanut Baba ya dawo da littafi ƙunshe cikin rawaninsa. Shi bai yi lakwal ba, don haka da hannu ya zaɓa: ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya ɗauko wanda ya fi nauyi. Ashe littafin da ke zuwa tare da injin niƙa ne, mai bayanin yadda ake tayar da shi da gyara shi.

Na ce, "Baba, ai wannan na inji ne."

Ya ce, "Da Faransanci aka rubuta?"

Na ce e.

"To, karanta."

Kullum bayan la'asar sai in zauna kusa da kakata, tana ɓarar wake ina karatu da ƙarfi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma da na yi shiru sai ta ce, "Ci gaba, maigidana, muryarka na kore mini kaji."

Wata rana mushe ya ce kowa ya rubuta bayanin wanda ya fi so a gida da Faransanci. Na zaɓi Kaka. Sai dai kalmomin da na iya duk na inji ne. Na rubuta cewa kafin a tayar da ita da safe, a duba ko ta sha mai. Kada yara su matso in ta yi zafi. In ƙararta ta yi yawa, a tsayar da ita.

Mushe ya yi dariya har da hawaye, ya ce bai sami kuskure ko ɗaya ba. Da yamma ya biyo ni gida, wai sai ya ga wannan tsohuwa da idonsa. Ya gaishe ta, ya zauna, ya shiga fassara mata da Hausa. Da ya zo layin ƙarshe sai ya ce, "In ƙararta ta yi yawa, a kashe ta."

Kaka ta ajiye ƙwarya. "A kashe wa?"

Ban tsaya jin sauran ba. Ta bi ni da muciya har bayan rumbu, mushe na biye da ita yana rantsuwa cewa harshensa ne ya zame.

Da ta huce, ta ce maganar mai dai gaskiya ce, tunda har an rubuta. Daga ranar ba ta ƙara cin ɗumame ba man shanu ba. Ni kuma mushe ya ara mini littafin tatsuniyoyi, ya ce in yi saurin karanta shi kafin in rubuta bayanin Baba.