Dafur ɗin gidana da na ƙi gyarawa

Assalamu alaikum. Kun san ni a shafin nan da hirar tsohuwar Makka, amma akwai labari ɗaya da nake tsallakewa sama da shekara sittin. Kunya ce ta hana ni. Yau zan faɗa.

Lokacin ina sabon ango a unguwar Mansur ta Makka, tukunyar gas ba ta shigo unguwarmu ba. Da dafur ake girki, wato risho mai famfo da ake zuba wa kananzir. Ni kuwa gyaran dafur ne sana'ata. Na koya a hannun Baba Idi, wani dattijo ɗan Sakkwato, na rabu da shi ina cika baki cewa na fi shi hannu.

Dafur mai lafiya wutarsa shuɗiya ce, tana gurnani. Na gidana wutarsa ja ce, tana hayaƙi, tana baƙanta tukunya. Kansa ne ya tsage. Maimakon in sa sabo, sai na liƙe shi da dalma, alhali na san zafi narkar da ita yake yi.

Matata Rakiya tana da ciki wata shida. Ta yi magana sau uku, kullum in ce gobe. Lokacin aikin hajji ne, dafur ɗin alhazai sun yi tuli a gabana.

Wata rana wata maƙwabciya ta leƙo, ta yi dariya ta ce ashe gidan mai gyara ma hayaƙi yake. Maganar ta ci ni. Na hana Rakiya girki a tsakar gida, na ce ta koma cikin ɗaki ta rufe ƙofa. 'Yar tagar da muke da ita, da hannuna na toshe ta da buhu, don kada hayaƙi ya fita a gani.

Ciwon kai ya fara mini bayan 'yan kwanaki, kamar an ɗaure mini goshi da igiya. Sai jiri, sai amai. Idan na fita aiki in ji sauƙi, idan na dawo cin abinci ya dawo. Na ce zafin rana ne. Na sha ƙwayar zazzaɓi, na yi ƙaho, duk a banza.

Rakiya ta fi ni jigata, don ita ke wuni a ciki. Na ce mata laulayi ne.

Ranar da abin ya faru, na dawo bayan azahar, na shiga na sa wa ƙofa sakata, sai na tarar da ita kwance kusa da tukunya. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na sunkuya zan ɗaga ta, ƙafafuna suka ƙi. Iyakar abin da na tuna ke nan.

Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar.

Na farka a asibiti, an rufe mini hanci da robar iska. An ɗebi jinina, an duba zazzaɓin sauro, ba a samu ba. Kwana biyu ina amai, ko kofin shayi ba na iya riƙewa. Duk wanda ya wuce sai in tambaye shi Rakiya, sai a ce tana ɓangaren mata. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka ɓoye mini ake yi.

Likitan, wani ɗan Masar, ya tambaye ni inda muke girki. Na faɗa masa. Ya ce wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da iska mai guba, ba a ganinta, a rufaffen ɗaki kuwa kisa take yi. Daga nan ya tambaye ni sana'ata.

Sai da ya maimaita tambayar. Na ce dako nake yi.

A rana ta uku aka bar ni na ganta. Ta farfaɗo, amma tun da aka kawo ta abin da ke cikinta bai motsa ba. Na zauna na kasa ɗaga ido. Ta ce, "Malam, an tambaye ni wa ya toshe tagar. Na ce ni ce, saboda ƙura."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Sai a rana ta biyar cikin ya motsa. Wata ma'aikaciya ce ta zo ta gaya mini, na juya fuskata bango na yi kuka.

Bayan an sallame mu na fi wata guda kaina na sarawa, ina manta inda na ajiye kayan aiki. Da na ji ƙarfi na naɗe dafur ɗin a tsumma, na kai wa Baba Idi. Ya juya kan, ya ga dalmar, ya dube ni. Bai tambayi na wane ne ba. Ya sa sabon kai, ya zura allura ya share hancin, ya canza fatar famfo. Da ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya, ya ce, "Ɗauki, ɗana. A waje ake hura shi."

Yanzu gas kuke amfani da shi, wasu har da na ɗumama ɗaki, amma abin bai canza ba. In wuta ta koma ja, ko tukunya tana baƙi, ku kashe, ku kira mai gyara, ko da ku ma masu gyaran ne. Kada ku toshe taga. In mutum biyu a gida ɗaya suna ciwon kai, suna jin sauƙi idan sun fita, ku fitar da kowa, ku tafi asibiti a ranar.

Na gode wa Allah da ya ja kwananmu. Na gode wa maƙwabtan da suka ɓalle ƙofar, da likitan da na yi wa ƙarya, da Baba Idi, Allah ya jiƙansu.

Rakiya ta rasu bara, ba ta taɓa canza maganarta ba. Har yau danginta suna cewa ita ta toshe tagar, shi ya sa na rubuta.

Ke kuma A'isha, babbar 'yata, na san kina karanta shafin nan. Ke ce a cikin. Ba mahaifiyarki ba ce, ni ne. Ki yafe mini.