Wata Bakwai Ban Jefa Ƙwallon Kurket Ba

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a shafin nan, har wasu na tambaya ko na bar Makka. Ina nan a unguwarmu ta Zahir, jinya na yi. Yau likita ya sallame ni.

Wanda ya san ni ya san haukan da nake wa kurket, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge da sanda. 'Yan Pakistan na unguwarmu suka koya mini tun ina ɗan shekara sha biyu, yanzu ina sha tara. Ni kaɗai ne Bahaushe a ƙungiyarmu, kuma ni ne mai jifa da ƙarfi: in sheƙo da gudu, in banƙare, in saki ƙwallo.

Da aka ce za a zaɓi masu zuwa gasa a Jidda, sai na zare. Kullum daga la'asar zuwa magariba ina kan daɓen siminti ina jifa. Juma'a kuwa wasa biyu.

Ciwon a ƙasan baya ya fara, ɓangaren hagu, alhali da dama nake jifa. In na huta ya lafa, in na jefa ya dawo. Na ɓoye wa kowa, har da Asif, kyaftin ɗinmu, don kada ya ajiye ni. Man zafi da ƙwaya kawai nake dirka wa kaina.

Wata safiyar Juma'a na sako ƙwallo, sai na ji kamar an soka mini ƙusa. A nan na durƙushe. Su Asif suka ciccibe ni zuwa mota.

Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba. Aka ce sai an yi ranin, hoton nan da ake tura mutum cikin na'ura kamar rami, tana ta ƙwanƙwasa a kunnenka. Yana da tsada, ta'amin ɗinmu kuma, wato inshorar lafiya, ya ɗau kwanaki kafin ya amince. A kwanakin nan na san tsoro. Da na ji ƙafata ta yi sanyi sai in mintsine ta, in ga ko tana nan.

Likitan ƙashin ɗan Sudan ne, dattijo. Ya nuna mana wani ɗan layi a jikin ƙashin bayana, ya ce tsagewa ce, kuma ba ranar ta faru ba, ta daɗe tana ci. Ya ce a shekaruna ƙashin bai gama ƙwari ba, yawan banƙarewa da murɗawa ne ke tsaga shi.

Umma ta tambaye shi abin da na kasa tambaya: zan shanye?

Ya ce, "Hajiya, ba zai shanye ba in sha Allah. Amma in ya ƙara jefa ko ɗaya kafin in ce, sai dai aiki."

A mota Umma ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Sadik, ciwo a jikinka, a ɗakina kake cin abinci, amma ban sani ba?" Wallahi gara ta mare ni.

Gasar Jidda a waya na kalle ta, ina kwance da bel a ƙugu. Salla a kan kujera, a sahun tsofaffi. Wani tsoho a masallacinmu har tsokanata yake, wai na yi saurin shigowa ƙungiyarsu.

Bayan wata uku aka fara gashin ƙashi, sau uku a sati a unguwar Aziziyya. Na zaci ƙarfe zan ɗaga, ashe numfashi za a koya mini da ɗaure ciki. Daga nan tafiya, sai ninƙaya, sai sassarfa. Asif kuma ya zauna da bidiyon jifana, ya gano ƙafafuna na kallon gefe, kafaɗuna na kallon gaba, abin da ke murɗe mini baya ke nan. Muka gyara da hannu wofi, ba ƙwallo.

Yau aka duba sabon hoto. Layin ya haɗe! Likita ya ce in koma fili, ƙwallo sha biyu a rana, kwana biyu a sati. Na rungume shi kafin in tuna a ofis muke.

'Yan'uwana masu jifa, ku ji daga bakin wanda ya kwanta. Ciwon baya in ya kwana biyu yana dawowa duk sanda ka jefa, je asibiti, kada ka danne shi da ƙwaya. Ku riƙa ƙirga jifanku, ku bar ranakun hutu tsakani. A ɗumama jiki kafin a fara, a sha ruwa, zafin garin nan kun san shi. Mai riƙe sanda kuma ya sa hular kwano ko a atisaye ne.

Alhamdu lillahi. Umma, Allah ya saka miki da Aljanna. Likitana, masu gashi, Asif, da duk wanda ya yi mini addu'a, na gode.

Juma'ar nan ina fili bayan asuba. Duk wanda ya ga na ɗauki ƙwallo ta sha uku, na ba shi izini ya ƙwace ta.