Dakta Abdulgafaru Andani, Wanda Ya Ƙi Yarda Da Hoton Zuciyata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1987, da hantsi, ina cikin aji a Sagnarigu, gefen Tamale, aka leƙo aka ce mini Dakta Abdulgafaru Andani ya rasu. A kan kujerarsa ta aiki ya cika, yana tsakiyar duba wata tsohuwa. Na ajiye alli na zauna. Ban yi kuka ba a lokacin. Shekarun nan sun gajiyar da mu da binne mutane, har hawayen sai ya yi kwana biyu kafin ya zo.

Dakta, ni ne Usumanu, ticha, mai hoton zuciya. Haka kake kirana, kuma haka zan gabatar da kaina.

Mutanen Tamale sun san ka da ƙaramar na'urar nan mai zana bugun zuciya a siririyar takarda. Kaɗan ne suka san cewa shekara huɗu ka yi a Turai kana koyon wani aiki dabam, inda ake yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da hasken da ido ba ya gani, sai babbar na'ura ta ɗauki hoton yadda jini ke ratsa naman zuciyarsa. Ka dawo gida a 1981 da alkawarin za a kawo na'urar. Ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne yunwar 1983, da gobarar daji, da 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya. Abokan karatunka suka tattara suka bar ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Kai ka zauna. Da takardar na'urarka ta yi ƙaranci, sai ka riƙa yanka ta gajeru-gajeru don ta ishi kowa.

A 1985 aka tura ni kwas na wata uku a Ingila. Can jiri ya kayar da ni a bakin titi. A asibiti aka sa ni gudu a kan wani injin gwaji, aka yi mini wannan allurar, aka ɗauki hoton. Likitan ya nuna mini wani wuri mai duhu a tsakiyar zuciyata, ya ce da alama jijiya ta toshe, wataƙila sai an tsaga ƙirji. Kafin a ƙara wani bincike lokacina ya ƙare. Na dawo unguwarmu Bulpiela da hoton a ambulan, na daina zuwa makaranta, na raba littattafaina, na kwanta ina jiran mutuwa. Matata Rabi'atu ce ta gaji da kallona, ta ja ni zuwa wurinka.

Ka ɗaga hoton a bakin taga ka daɗe kana kallo. Shekara huɗu rabonka da irinsa. Sannan ka kwantar da ni, ka ɗaura mini wayoyi, ka karanta 'yar takardar.

"Ticha," ka ce, "zuciya tana da wayar wuta a ciki. Taka ta hagu ba ta kai saƙo da wuri. Mai irin wannan, in an sa shi gudu aka ɗauki hoto, tsakiyar nan takan fito da duhu ko da jijiyarsa lafiya lau."

Na ce, "To, ba ni da komai ke nan?"

"Ban ce ba. Ba ni da na'urar da zan rantse da ita. Amma hoton nan bai isa ya kwantar da kai ba. Tashi ka koma aji, ka zo mini duk wata."

Ka rubuta wa likitocin can wasiƙa da hannunka. Wata biyar kafin amsa ta iso, suka ce maganarka tana kan hanya. Ka hau kekenka har ƙofar gidana da azahar, cikin rana, don ka karanta mini ita. Ka iso kana haki, ka jingina da bango, na ɗauka zafin rana ne.

Sai bayan jana'iza matarka Hajiya Azeta ta gaya mini cewa taka zuciyar ta fi tawa lalacewa. Bugunta ya ragu ƙwarai, kuma ka san maganinta ɗan batirin da ake dasawa a ƙirji, wanda sai an fita waje. Sau biyu aka samo maka hanya, sau biyu kana cewa sai an turo wanda zai karɓi marasa lafiyarka. Ba a turo ba.

Ban san ko in yaba maka ko in yi fushi da kai ba, Dakta. Na gaji da ganin mutanen kirki suna ƙarewa a bakin aiki. Washegarin rasuwarka na bi ta asibiti, na tarar da mutum goma sha ɗaya daga ƙauyuka a kan benci, riƙe da katinsu. Ba wanda ya gaya musu. Ni na gaya musu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Azeta, da 'ya'yanka Humu da Abubakari, da dukan dangin Andani. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya hutar da kai hutun da ba ka samu a nan ba. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu ƙarfin ɗauka. Amin.